Ɗaukar Hoto A Kasuwar Dare: Matsalar Haske Da Wanki A Haɗejiya

Da zarar an idar da sallar isha'i a Haɗejiya, sai masu tsire da masu shayi da masu suyar tarwaɗa da karfasa na fadamar kogi su kama sana'a a bakin titi. Babbar matsalar mai ɗaukar hoto a nan ita ce ƙarancin haske, domin abin da ke haska fuskoki bai wuce garwashi da 'yan fitilu ba.

A zamanin fim, dabara biyu ake yi. Ta farko, a kunna walƙiyar kyamara. Wannan kan fito da komai fili, amma takan danne hasken garwashi, ta kuma razana masu ciniki. Ta biyu, a sa fim mai saurin kama haske, kamar Tri-X wanda kamfanin Kodak ya fitar a naɗe a 1954, sa'an nan a bar shi cikin ruwan wanki fiye da ƙa'ida. Hoton kan fito da ɗigo-ɗigo, inuwa ta yi baƙi ƙirin, amma dare yana nan a darensa.

Ko da wayar hannu ta maye gurbin ɗakin duhu, wannan zaɓi bai gushe ba. Mai gyara kan ƙara haske har dare ya koma hantsi, jan wuta ya dushe. Alhali kuwa hoto shaida ne ga 'yan baya. Saboda haka duk wanda ya kore duhun, ya bar musu kasuwar da ba ta taɓa ci ba.