Faifan garmaho ya dawo: abin da ya kamata makaɗa su sani

Dattawan Nasarawan Doya da Makarfi sun san faifan garmaho, baƙin faifan nan da aka buga waƙoƙin Shata da Ɗanmaraya Jos a kai kafin kaset ya kore shi. To, ya dawo. A Amurka, a 2022, an sayar da shi fiye da CD, karon farko tun 1987. Waƙar Hausa ma ta shiga: a 2013 kamfanin Sahel Sounds ya tara waƙoƙin finafinan Kano a faifai mai suna Harafin So.

Wannan aikin kamfani ne. Makaɗan da ke son fitar da nasu da kansu fa?

Faifai ba ya ɗaukar doguwar waƙa. Babba, mai inci 12, yana cin kamar minti 20 a kowace fuska. In aka matsa masa fiye da haka, sai sauti ya raunana. Wannan babban lamari ne ga mai waƙar kalangu da ya saba jan baiti har sai taro ya watse. Dole ya zauna ya zaɓi abin da zai bari. Ganga mai nauyi kuma tana iya sa allura ta yi tsalle, shi ya sa ake yi wa sautin gyara na musamman bayan an fito daga situdiyo.

Daga nan a yanka tsagin waƙar a faifan asali, a yi masa ƙarfen bugu, a matsa shi kan roba mai zafi. Masana'anta za ta fara aiko da 'yan ƙwayoyin gwaji. A saurare su da kyau, domin da an amince, gyara ya wuce.

Wahalar tana wajen kuɗi. Yawancin masana'antun suna Turai da Amurka, ba da naira ake biya ba, ɗaruruwa suke bugawa a tashi ɗaya, kuma ana jira watanni. Ribar ita ce mallakar waƙar tana hannun masu ita, abin da nake ganin ya cancanci wahalar.

Sai dai a Kudan ko Ikara a waya ake jin waƙa. Masu sayen faifai galibi suna waje, don haka a nemo su ta intanet, su biya tun kafin a buga. In kaya sun iso, a jera su a tsaye cikin inuwa, domin zafin bazara yana lanƙwasa faifai.