Durowar da ke Cijewa da Damina: Kimiyyar da ke Cikin Kabad ɗin Kayan Aiki

Duk malamin da ya taɓa riƙe ɗakin koyon sana'a a makarantar sakandare ya san wannan abu. Durowar da ake zuba guduma da sifana da zarto, wadda ke fitowa salin-alin a watan Janairu, ita ce za ta cije a watan Agusta, sai ɗalibai biyu sun taru a kanta. Akan ɗora wa kafinta laifi, alhali sau da yawa ba nasa ba ne. Halin itace ne.

Bari mu ɗauki misali da ƙasar Birnin Gwari, a yammacin Jihar Kaduna. Dajin wannan yanki, wanda aka keɓe wani sashensa tun 1936, aka kuma mayar da shi Gandun Dajin Ƙasa na Kamuku a 1999, gida ne na doka da maje da kawo da maɗaci da madobiya. Irin waɗannan itatuwa ne masu yankan katako na ƙasar Hausa suka daɗe suna nema. Sai dai itace, ko bayan an sare shi an busar, bai daina hulɗa da iska ba: yana shan laimarta idan ta yi yawa, yana mayar mata idan ta bushe. Da hunturu, lokacin da laimar iska kan sauka ƙasa da kashi 20 cikin ɗari, ruwan da ke jikin katako kan koma wajen kashi 5 na nauyinsa. Da tsakiyar damina kuwa, idan laima ta kai kashi 80, yakan hau zuwa kashi 16.

Abin lura a nan shi ne, katako ba ya kumbura daidai ta kowane ɓangare. Ta faɗinsa yake buɗewa, tsawonsa kuwa kusan ba ya motsi. Allon gefen durowa mai faɗin santimita 15 yana iya ƙara milimita 3 ko 4 tsakanin hunturu da damina. Ƙaramin abu ne a ido, amma ya isa ya maƙale durowa a raminta. Shi ya sa tsofaffin kafintoci, idan suka yi aiki da rani, sukan bar ɗan sarari a sama, su kuma goga kyandir a inda katako ke gugar katako. Ba su karanta kimiyyar gogayya a aji ba, amma da ita suke aiki.

Hanyar zamani ita ce a ɗora durowar a kan layin ƙarfe guda biyu, ɗaya dama ɗaya hagu, tamkar jirgi a kan layin dogo. Tun da tazarar da ke tsakanin layukan biyu tsawon katako ne ke riƙe ta, ba faɗinsa ba, sauyin yanayi ba ya taɓa ta sosai. Iri biyu aka fi samu a kasuwa. Na farko mai 'yar tayar roba ne. Yana da araha, ba ya damuwa da ƙura, amma wajen kashi uku cikin huɗu na durowar kawai yake fitarwa, kuma bai dace da kaya masu nauyi ba. Na biyu shi ne mai ƙananan ƙwallayen ƙarfe a jere, irin na cikin boris. Durowar katako mai ɗauke da kilo 20, idan tana gugar katako, sai an ja ta da ƙarfin da ya kai na ɗaga kilo 5 zuwa 10. A kan ƙwallaye kuwa yatsa ɗaya ya wadatar, domin mirginawa ta fi gogayya sauƙi nesa ba kusa ba.

Ga kabad ɗin kayan ƙarfe, mai ƙwallaye ya fi, musamman wanda ke fitar da durowa gaba ɗaya har a ga abin da ke can ƙuryarta. Amma yana da sharuɗɗa. Mafi yawansa yana buƙatar sararin milimita 12.7, wato rabin inci, a kowane gefe, kuma ba ya yafe kuskure: in aka rage milimita ɗaya sai ya cije. Sannan a duba nauyin da aka rubuta a kwalinsa. Wanda aka fi sayarwa yakan ɗauki wajen kilo 45, kuma wannan adadi na layukan biyu ne a haɗe, ba na kowane ɗaya ba. Idan durowa ta fito ƙarshe, nauyinta duka yana rinjayar sukurorin gaba ne, don haka kada a bar ramin sukuru ko ɗaya na gaba fanko. Babban maƙiyinsa a ƙasarmu shi ne ƙurar hunturu da garin katako, waɗanda ke cakuɗa da giris su zama kamar yashi. A share shi sau ɗaya bayan hunturu, a sa sabon giris kaɗan. Kaɗan ɗin nan da gaske ake nufi.

A kabad na katako sukuru na yau da kullum ya isa. Amma inda aka yi firam ɗin da ƙarfe, ko a jikin injunan ɗakin sana'a, akan tarar da noti mai rami a kansa, ramin mai kusurwa shida. Mabuɗinsa shi ne ɗan ƙarfen nan mai lanƙwasa kamar harafin L, wanda makanikai ke kira alanki, daga sunan William G. Allen na birnin Hartford a Amurka, wanda ya yi rajistar hanyar ƙera irin wannan sukuru a 1910. Matsalarsa ita ce dole ya shiga ramin a miƙe, ga shi kuwa cikin kabad lungu ne, hannu ba ya samun wurin juyawa. A 1964 wani maƙerin Amurka mai suna John Bondhus ya fito da mafita: ya sassaƙa ƙarshen doguwar ƙafar mabuɗin ya yi dunƙule kamar kan tulu, da ɗan wuya a bayansa. Da wannan dunƙule mabuɗin yana iya karkacewa har wajen digiri 25, yana kuma juya notin.

Sai dai abin da aka samu ta nan an rasa shi ta can. Dunƙulen ɗan wuri kaɗan yake taɓawa a bangon ramin, wuyan kuma siriri ne. Wanda ya danna ƙarfinsa a kai, ko dai ya cinye kusurwoyin ramin ya zama zagaye, ko kan ya karye ya zauna a ciki, kuma fitar da shi aikin yini ne. Don haka a yi amfani da dunƙulen wajen shigar da noti da sauri, sannan a juya zuwa gajeriyar ƙafar mai kai miƙaƙƙe domin ɗauri na ƙarshe. Wajen kwancewa kuma da miƙaƙƙen ake fara karya taurin.

Malami ya kuma raba wa ɗalibai mabuɗan milimita da na inci a ma'aji daban-daban. Mabuɗin inci 3/16 milimita 4.76 ne, zai shiga ramin milimita 5 har ya yi kamar ya zauna, amma da an matsa sai ya zame ya lalata notin.