Ko Ka San Na'ura Na Iya Gane Wanda Ya Yi Cuta Da Wanda Rigakafi Aka Yi Masa?

A ce mutum biyu sun je asibiti an ɗebi jininsu. Dukansu lafiyarsu ƙalau, kuma jinin kowannensu na ɗauke da kariya daga ciwon hanta nau'in B. Amma ɗaya allura uku aka yi masa, ɗayan kuwa cutar ce ta taɓa shigarsa, jikinsa ya yaƙe ta ba tare da ya sani ba. Ko ka san akwai na'urar da za ta nuna wane ne wane cikin 'yan sa'o'i, ba tare da an tambayi kowa tarihinsa ba?

Sirrin yana cikin yadda garkuwar jiki ke ajiye tarihi. Duk lokacin da baƙon abu ya shiga jiki, garkuwar kan ƙera wasu sinadaran kariya da suka dace da siffarsa, su bazu cikin jini suna jiran ranar da zai dawo. Ba kala ɗaya take ƙerawa ba: kowane sashe na ƙwayar cutar da jiki ya gani, da nasa sinadarin. Ƙwayar ciwon hanta kamar gyaɗa take, akwai ɓawo a waje, akwai ƙwaya a ciki. Rigakafin da ake yi a yau ɓawon kaɗai ke cikinsa. Tun 1986 ake samar da furotin ɗin ɓawon ta hanyar amfani da yis a masana'anta, ba a saka ƙwayar cutar ko kaɗan. Saboda haka wanda aka yi wa allura, ɓawon kawai jikinsa ya sani. Wanda cutar ta shiga kuwa, ta hayayyafa a hantarsa, jikinsa ya ga waje ya ga ciki, ya ƙera wa kowanne nasa sinadarin.

Abin da ake karantawa a takardar sakamako ke nan. Idan layin anti-HBs, wato sinadarin kariyar da jiki ya ƙera wa ɓawon waje, shi kaɗai ya nuna akwai, alamar rigakafi ce, kuma likitoci na ɗaukar ma'auni 10 zuwa sama a matsayin kariya ta samu. Idan anti-HBs da anti-HBc, wato sinadarin da jiki ya ƙera wa sashen ciki, suka fito tare, mutumin ya taɓa kamuwa ya warke, domin babu allurar da ke sa jiki ya ƙera anti-HBc. Layi na uku, HBsAg, shi ba sinadarin kariya ba ne, ɓawon ƙwayar ne da kansa. In yana yawo a jini, galibi cutar na nan. Wani likita Ba'amurke, Baruch Blumberg, shi ya gano wannan ɓawo a shekarun 1960 a jinin wani ɗan asalin Ostareliya, aikin da ya kai shi ga samun kyautar Nobel a 1976.

To, ta yaya na'urar ke ganin abin da ido ba ya gani? Dabarar da aka fi sani ita ce ELISA, wadda Eva Engvall da Peter Perlmann suka bayyana a Jami'ar Stockholm ta ƙasar Siwidin a 1971. Ana aiki da wani farantin roba da bai wuce tafin hannu ba, mai ƙananan ramuka 96. A nau'in da ya fi sauƙi, ana manna furotin ɗin ƙwayar cutar a gindin kowane rami, sannan a ɗiga ruwan jinin mutum. In jinin na da sinadarin da ya dace da furotin ɗin, sai ya maƙale masa. A wanke ramin, duk abin da bai maƙale ba ya tafi. Sai a zuba wani sinadari na biyu da ke kama na farkon, yana goye da abin da ke sauya launin ruwa. A sake wankewa, a ɗiga ruwan ƙarshe. Ramin da aka samu kamu sai ya yi shuɗi, a tsayar da aikin ya koma ruwan ɗorawa. Na'urar kan haska kowane rami, ta auna kaurin launin, ta mayar da shi lamba. Abin da aka manna a gindin ramin shi ne tambayar da ake yi wa jini: a manna furotin ɗin waje a sami amsa ɗaya, a manna na ciki a sami wata.

Wannan dabara ta yi aiki sosai a zamanin korona. Rigakafin Pfizer da Moderna da AstraZeneca duk furotin ɗin ƙayar da ke bayan ƙwayar suke koya wa jiki, wanda ake wa laƙabi da S. Furotin ɗin ciki, wato N, sai wanda cutar ta kama ke saninsa. Da neman sinadarin N ne hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka ta ƙiyasta cewa zuwa Fabrairun 2022 kusan kashi 58 cikin 100 na mutanen ƙasar sun riga sun kamu, da yawansu ba su ma sani ba.

Makiyaya ma abin ya shafe su. A 2001 ciwon baki da kofato, wanda aka fi sani da boru, ya ɓarke a Birtaniya, aka kashe dabbobi sama da miliyan 6. Ƙasar Holan ta yi wa nata rigakafi don tsayar da annobar, amma daga baya ta yanka har waɗanda aka yi wa allurar, domin ta hanzarta dawo da cinikinta da ƙasashen waje. Masu saye ba sa yarda da saniyar da ba a iya tantance ko allura ce a jininta ko cuta. A yau ana tace rigakafin boru a cire wasu furotin da ƙwayar ke samarwa lokacin da take hayayyafa. Saniyar da aka sami sinadarin waɗannan furotin a jininta, cutar ce ta ratsa ta.

Sai dai dabarar na da iyaka. Ba ta aiki sai in rigakafin ya rasa wani sashe da cutar ke da shi. Allurar ƙyanda ƙwaya ce sukutum da aka raunana, don haka gwajin sinadarin kariya ba ya raba ta da ƙyandar da yaro ya yi. Haka rigakafin korona na Sinovac da Sinopharm, da aka yi da cikakkiyar ƙwaya matacciya, na iya sa sinadarin N ya fito. Sinadaran kuma kan ragu da daɗewa, kuma in an yi gaggawar gwaji kafin jiki ya ƙera su, ba za a gan su ba.

Wannan ilimi ba na ma'aikatan ɗakin gwaji kaɗai ba ne. Wani babban binciken ƙasa da aka yi a Najeriya a 2018 ya nuna kusan mutum 8 cikin 100 na manya na ɗauke da ciwon hanta nau'in B, kuma tun 2024 dokar Jihar Kano ta wajabta gwajinsa kafin ɗaurin aure. Takardun sakamako na ta shiga gidaje, kuma kalmar "fozitif" na tayar da hankali. Kafin a fasa aure ko a ƙaurace wa ɗan'uwa, a duba a wane layi ta fito. A layin anti-HBs albishir ce. A layin HBsAg kuwa kira ne na zuwa wurin likita, da gwada sauran mutanen gida, da yi wa wanda bai da kariya allura, da tabbatar da cewa jaririn da aka haifa ya sami tasa cikin awa 24 na farko.