Tabarau na karatu daban, na hawan keke daban

Ƴan'uwa manoma, keke abokin aikinmu ne. Shi ke kai mu gona da sassafe, shi ke ɗauko mana buhun taki, shi ke kai mu kasuwa. Da yawa daga cikinmu mun fara hawansa tun muna samari. Yau ga furfura ta fito, ƙafa ba ta gaza ba, amma ido ya soma sauyawa.

Mun sha ganin dattijo ya sayi tabarau a kasuwa don ya ji daɗin karatu. Ya sa, baƙaƙe suka fito fes, ya yi murna. Da ya tashi komawa gida, sai ya hau kekensa da tabarau ɗin a fuska. Nan ne haɗarin yake. Bari mu yi bayani dalla-dalla.

Me ke samun ido in shekaru sun ja?

A cikin ido, bayan baƙin nan na tsakiya, akwai wani ɗan madubi garai-garai. Lokacin ƙuruciya yana da taushi. In mun dubi abu na kusa sai ya tattaru ya yi kauri, in mun dubi na nesa sai ya sake. Daga shekara 40 zuwa 45 yakan fara tauri. Sai mutum ya ga yana nisanta takarda daga fuskarsa kafin ya karanta, ko zura zare cikin allura ya gagare shi. Wannan ba cuta ba ce, girma ne, kuma kowa zai iske shi. Abin yakan ci gaba sannu a hankali har wajen shekara 60 zuwa 65.

Me ya sa tabarau na kasuwa ke da haɗari a kan keke?

Tabarau na karatu yana da lamba a jikinsa, kamar +1.00 ko +2.00 ko +3.00. Aikinsa ɗaya ne: gyara ganin kusa. Ga mutumin da ganinsa na nesa lafiya lau yake, mai lamba +1.00 yana nuna abu sarai har metir 1. Mai lamba +2.00 kuwa rabin metir ne iyakarsa. Duk abin da ya wuce nan sai ya zama dishi-dishi.

To, mu yi lissafi. Mai keke da ke tafiyar kilometir 15 a awa ɗaya yana cin wajen metir 4 a kowane sakan. Kafin ido ya ga rami, hankali ya gane, hannu ya kama birki, keke ya riga ya ci metir da dama. Ke nan mai keke na bukatar ganin abin da ke gabansa tun daga nesa: rami, yashi, akuya, amalanken jaki, yaro mai gilmawa. Tabarau mai nuna rabin metir ba zai nuna masa ko ɗaya cikinsu a kan kari ba.

Saboda haka doka ta farko ita ce: in an gama karatu, a tuɓe tabarau na karatu a sa aljihu, sannan a hau keke.

A je a auna ido

Akwai waɗanda nesa ma ba su gani sosai. Su suna bukatar tabarau na ganin nesa, kuma wannan ba a sayensa da ka. Sau da yawa idon dama da na hagu ba lambarsu ɗaya ba, alhali na kasuwa lamba ɗaya ce a duka ɓangarorin. Tabarau na aro ma ba shi da amfani, domin an auna shi ne da idon mai shi.

Manyan asibitocin Yamai, Maraɗi, Damagaram da Tawa suna da sashen duba ido. Awon ba shi da zafi. Ana zaunar da mutum metir 5 ko 6 daga wani allo, a rufe ido ɗaya, a gwada ɗayan. Wanda bai ƙware da karatu ba kada ya ji kunya. Akwai allo mai harafin E kaɗai, wani ya dubi sama, wani ƙasa, wani dama, wani hagu. Da hannu ake nuna inda ƙafafunsa suka fuskanta. Bayan awo, likita zai rubuta takarda mai lambar kowane ido. Da ita ake zuwa wurin masu haɗa tabarau.

Kada mu manta mu gaya wa likita cewa muna hawan keke, da lokacin da muka fi hawa, ko da rana ko da almuru. Wannan zai taimaka masa wajen ba mu shawara.

Wane iri za mu zaɓa?

1. Mai lamba ɗaya, na ganin nesa. Shi ya fi dacewa da keke, shi ne kuma ya fi araha. Ko ta ina aka duba cikinsa, hanya na fitowa sarai. Sai a ajiye na karatu daban cikin aljihu.

2. Mai hawa biyu. Samansa na nesa ne, ƙasansa na karatu, da ɗan layi a tsakani. Yana hutar da mutum ɗaukar tabarau biyu. Amma in aka dubi ƙasa ta ɓangaren karatu, gaban taya ba zai fito da kyau ba. Mai irin wannan sai ya riƙa sunkuyar da kai, ba ido kaɗai ba.

3. Mai hawa-hawa marar layi. Lambarsa na sauyawa a hankali daga sama zuwa ƙasa. Yana da tsada, kuma gefe-gefensa ba ya nuna abu sarai. Mai shi in zai waiwaya ya duba mota, dole ya juya kai gaba ɗaya.

Duk wanda ya karɓi na 2 ko na 3, ya fara sabawa da shi a ƙasa na ƴan kwanaki kafin ya hau keke da shi.

Zaman tabarau a fuska

Mai keke yakan ɗan duƙa gaba, don haka ta saman tabarau yake hangen hanya. In tabarau ƙarami ne, ko yana zamewa kan hanci saboda gumi, ido zai leƙa ta bisa, lambar ta tashi a banza. A zaɓi mai faɗi, wanda ya kai kusa da gira. A gwada shi tun a shago: a sunkuya, a girgiza kai, a ga ko ya zauna daram. A guji mai hannuwa masu kauri, domin suna tare ganin gefe. A ɗaura masa igiya ta bayan ƙeya.

Madubin ma iri biyu ne, na gilas da na roba. Na gilas in an faɗi yana iya tarwatsewa ya shiga ido. Na roba ya fi sauƙi a hanci, ya fi kuma jure bugu. Mai keke ya nemi na roba.

Rana, ƙura da dare

Lokacin hunturu, tabarau na kare ido daga ƙura da iska, da damina kuma daga ƙwari. Ana iya sa wa na ganin nesa launi mai duhu saboda rana. Akwai ma wanda ke yin duhu da kansa cikin rana, ya washe a inuwa, sai dai washewar na ɗaukar ƴan mintoci. Amma da zarar rana ta faɗi, baƙin tabarau ya zama abokin gaba. Idon dattijo ya fi na yaro bukatar haske. Da almuru a sa farin tabarau, a kunna fitilar keke, a rage gudu.

Abin da tabarau ba ya magani

Ba kowane raunin gani tabarau ke gyarawa ba. In mutum na gani kamar cikin hazo, ko fitilar mota na kashe masa ido fiye da da, wataƙila yanar ido ce. Maganinta ɗan aiki ne a asibiti, kuma gani na dawowa. Kada a kai ido ga masu sokar yana da tsinke, sun makantar da mutane da yawa.

In kuwa mutum ya lura abubuwa na fito masa daga gefe ba zato, ya hanzarta zuwa asibiti. Hawan jinin ido yakan cinye ganin gefe a ɓoye, sau da yawa ba tare da ciwo ba, kuma abin da ya ci ba ya dawowa. Mai ciwon sukari ya kai idonsa a duba kowace shekara. Sauran waɗanda suka haura 40, su je duk bayan shekara 2, ko da ba su ji kome ba.

Yadda za mu kula da shi

Kada mu goge tabarau da bakin riga yana da ƙura, domin yashi na karce roba. Mu fara ɗauraye shi da ruwa mai tsabta da ɗan sabulu, sannan mu goge da ƙyalle mai laushi. Kada mu kifa shi a ƙasa, kada mu bar shi cikin rana. In ba ya fuska, ya kasance cikin gidansa.

Mun san awo da tabarau na cin kuɗi, tafiya birni ma haka. Amma mu kwatanta da karayar hannu ana tsakiyar noma, ga jinya, ga gona ba mai yi. Masu iya magana sun ce rigakafi ya fi magani. Bayan girbi, in an sayar da wake ko gujiya, mu ware kuɗin ido kamar yadda muke ware na taya da sarƙa. Wanda ya karanta wannan, ya karanta wa maƙwabcinsa mai keke.

Allah ya ba mu lafiya, ya kiyaye hanya.