Wayo Iri-Iri Ne A Turanci

'Yan'uwana ɗalibai, akwai wasu kalmomin Turanci da kan ruɗe mu, watau shrewd, astute, perceptive da cunning. Mukan fassara su duka da wayo ko basira, alhali kuwa kowace da inda take zama. Wani ɗan ajinmu ya so ya yabi kakansa a insha'i, sai ya ce tsohon cunning ne. Malam ya ja jan biro, ya tambaye shi laifin da tsohon ya yi masa.

To, mu je kasuwar Shinkafi ranar Alhamis. Ga dillali a kara, ya buɗe bakin sa, ya dubi haƙora, ya dafa tozo, nan take ya san kuɗinsa, ba mai iya cutarsa. Wannan shi ne shrewd, mai ido a harkar ciniki da zaman duniya. Amma wanda ya ɗura wa ramammen sa ruwan kanwa don cikinsa ya tashi, mai saye ya zaci ƙiba ce, wannan cunning ne. Wayonsa haɗe yake da yaudara, saboda haka kalmar zargi ce. Abin mamaki, a Turancin dā cunning gwani take nufi, shrewd kuwa mugu. Tafiya ta yi tafiya suka yi musayar wuri.

Astute ƙanwar shrewd ce, sai dai ta fi karkata ga mai gane inda riba take tun kafin jama'a su farga. Da hanyar jirgin ƙasa ta iso Ƙaura Namoda a 1929, duk falken da ya yi maza ya kama wurin awon gyaɗa kusa da tasha, ya cancanci wannan kalma. Ana yawan faɗinta ga 'yan siyasa ma.

Perceptive kuwa ba ruwanta da riba, lura ce kurum. Uwar da ta dubi idon ɗanta ta gane zazzaɓi na tafe, ko tsohon manomi a Zurmi da ya ga wuta-wuta ta fara leƙowa cikin gero ya san gona ta gaji, su ake kira haka. Ni a ganina ita ce kalmar da abokinmu yake nema, don kakansa bai taɓa sayar da ko akuya ba, amma daga sallamarka yakan gane ko da damuwa ka zo.