Munin Fuska a Tsofaffin Sassaƙe-sassaƙen Yumɓu

Bahaushe yana da ma'auninsa na kyau: dogon hanci, dara-daran idanu, wushirya da dogon wuya. Wanda ya ɗauki wannan ma'auni ya ɗora a kan kawunan yumɓu da ake tonowa a ƙasar Nok da Katsina da Sakkwato, ba abin da zai ce sai dodanni. Wannan maƙala za ta yi ƙoƙarin nuna cewa a cikin munin nan gwanintar take.

A shekarar 1928 masu haƙar kuza suka fara cin karo da irin waɗannan kawuna kusa da ƙauyen Nok. A 1943 aka kai wa Bernard Fagg wani da aka samo a yankin Jama'a, wanda aka ce an kafa shi mutum-mutumi a gonar doya. Wato dai abin da ya haura shekara 2,000 a duniya, aikin korar ɓarna aka fara ba shi saboda ban tsoron fuskarsa.

Mai kallo zai fara lura da girman kai, wanda ya rinjayi gangar jiki nesa ba kusa ba. Idanun masu kusurwa uku ne, an huda ƙwayarsu, haka ma ƙofofin hanci da baki. Hudar nan tana da amfani biyu, domin duk maginiyar tukwane ta san cewa yumɓun da tururi bai sami mafita ba fashewa yake yi a wuta. Sannan kuma inuwar ramin ita ke sa idon ya zama kamar yana bin mutum da kallo. Na Sakkwato an san su da gira mai nauyi da ta rufto kan ido, sai ka ce dattijon da aka ɓata wa rai.

Abin da ya fi jan hankali shi ne waɗanda aka siffanta da cuta. Akwai mai karkataccen baki irin na shanyewar ɓarin fuska, akwai mai kumburin tundurmi. Maginin da ya iya tsara kitso da tsakiya dalla-dalla ba kuskure ne zai sa ya karkata baki ba. Abin da ya gani a jikin mutanensa ya ajiye, bai yi musu kwaskwarima ba. Turawa ma suna da irin wannan: wajen 1490 Ghirlandaio na Italiya ya zana wani tsoho mai ƙurajen hanci, yaro ya jingina da ƙirjinsa yana dubansa cikin ƙauna, kuma hancin nan ne ya sa ba a mance zanen ba.

Maganar ta shafi manoman Funtuwa da Malumfashi kai tsaye, su da garmarsu ke tono tsingaro a kufai. A kan hanyar Funtuwa zuwa Gusau Kwatarkwashi take, inda aka yi ta haƙar irin waɗannan kayayyaki ana sayar wa dillalai a shekarun 1990. Wasu na ganinsu gumaka ne a fasa, wasu na ganinsu kuɗi. Ta kowace hanya asara ake yi, domin kan da aka raba da ramin da ya kwanta, ba tare da an auna ƙasa da gawayin da ke tare da shi ba, ya zama kurma: ba ya iya faɗin garinsu ko abin da aka yi da shi. Shi ya sa sanin da ake da shi game da na Katsina bai kama ƙafar na Nok ba.

Dokar 1979 da ta kafa Hukumar Gidajen Tarihi ta Ƙasa ta hana fitar da su ba da izini ba. Duk da haka, a shekarar 2000 an baje biyu na Nok a gidan tarihi na Louvre a Faransa, sai bayan ce-ce-ku-ce aka amince cewa mallakar Nijeriya ne, aro aka bayar.