Hoton Maganaɗisu da Makantar Farat Ɗaya

A can ƙuryar ido akwai wani tantani mai karɓar haske, wanda jijiya guda ce ke ciyar da sashensa na ciki jini. Idan gudan jini ko daskararren kitse ya toshe ta, sai ido ɗaya ya daina gani farat ɗaya, ba zogi ba raɗaɗi. Likitan Jamus Albrecht von Graefe ya bayyana ciwon a 1859. Hawan jini da ciwon sukari da tsufa su ne kan gaba wajen jawo shi.

Da fitilar duba ido likita kan fara gane shi. To amma na'urar MRI, wadda ke ɗaukar hoto da maganaɗisu da igiyar rediyo, tana ƙara haske. Naman da ya rasa jini yakan kumbura, ruwan cikinsa ya kasa motsi, sai wurin ya fito fari a hoto. Haka kuma takan tona ƙananan tabo a ƙwaƙwalwa, domin ciwon nan ɗan'uwan shanyewar ɓarin jiki ne, kuma sau da yawa shi ne ɗan aikensa.

Tantanin ido ba ya jure rashin jini fiye da 'yan sa'o'i. Saboda haka mutumin Kiru ko Bebeji, balle na Tudun Wada da Doguwa masu nisa, bai kamata ya tsaya ɗiga magani ko jiran wayewar gari ba. Ya nufi Kano, Asibitin Ido na ECWA ko na Koyarwa na Aminu Kano. Ko ganin bai dawo ba, binciken kan iya tsare ɗayan idon da ƙwaƙwalwa.